Mama Aji Ɗaya

Shafi na 23

Masu bina har akwatin saƙo kuna tambayar ina aka kwana da Mama, to ga ta nan. Wanda ya san hawayensa a kusa suke, ya fara cin abinci kafin ya karanta.

*

Tun kafin ta sha kwanar laburare Mama ta ji dariyar.

Ta rage sauri. An haƙe hanyar gaba ana gyaran bututun ruwa, shi ya sa yau ta biyo ta baya za ta tashar bas. Ba ta taɓa bin nan ba tunda ta shigo makarantar.

Aka sake kwashewa. Wannan karon har da buga cinya.

Ta san mai dariyar. Dogo ne, ɗan aji biyun nan da ya kafa Majalisar Ba Ko Sisi, inda ɗaliban da aljihunsu bai kai su wuraren shaƙatawa na bakin ƙofa ba suke haɗuwa duk yammacin Laraba. Ludo, kati, kacici-kacici, hira. Mai biskit ya ajiye a tsakiya, wanda ya zo da bakinsa kawai shi ma ya zauna. A nan suka laƙaba mata Mama Aji Ɗaya, don ta haifi kowa a wurin, amma ajinta ɗaya da ƙananansu.

Kuma Dogon nan ne ya tsare ta kwanakin baya, yana sosa ƙeya, ya ce hukumar makaranta ta hana taron.

Ta leƙa.

Ashe wuri kawai suka canza, ga su nan reras a ƙarƙashin rumfar ajiye kekuna. Ba wanda ya ragu. Abin da suke zaune a kai ma shimfiɗar da ta haɗa musu ce da ragowar ƙyallayen ɗinkinta.

Mai Gilashi ce ta fara ganinta, 'yar ajinsu da suke zama benci ɗaya. Ƙwayar ludon da ke hannunta ta suɓuce ta gangara.

Kowa ya waiwayo.

"Sannunku da hutawa," in ji Mama.

Dogo ya miƙe yana karkaɗe wando.

"Mama... ina wuni."

"Lafiya lau, ɗana. Ashe hukuma ta sake shawara?"

"Wato... dama..."

"Ko ni kaɗai hukumar ta hana?"

Ya sunkuyar da kai. Duk tsawon nan nasa sai ya koma kamar kazar da ruwa ya daka.

"Ba faɗa na zo yi ba," ta ce. "Hanya ce ta biyo da ni. Amma tunda Allah Ya haɗa mu, ku faɗa min laifina. Idan tsufana ne ya takura ku, wallahi ba zan ji haushi ba. Yaro yana son wurin da zai sake."

"Ba haka ba ne, Mama!" Mai Gilashi ta ce. "Wallahi tunda kika daina zuwa wasan ma ba ya daɗi."

"Ban daina zuwa ba, 'yar nan. Korata aka yi."

"Don lafiyarki muka yi," in ji Dogo a hankali.

"Lafiyata?"

Ya waiwayi sauran kamar mai neman agaji. Kowa ya kau da kai.

"Mu ɗan koma gefe, Mama."

"A'a. A gabansu aka yanke hukuncin, a gabansu zan ji."

Ya sosa ƙeya.

"Wata ce ta same ni. Ta ce maƙwabciyarku ce, tun tana ƙarama ta san ki. Ta ce..."

"Ina jin ka."

"Ta ce tun rasuwar maigidanki... kanki ya ɗan taɓu. Har an taɓa kwantar da ke. Wai likita ya hana ki shiga hayaniya."

Mama ba ta motsa ba.

"Ta ce ranar nan da kika cinye mu a ludo, kika yi ta dariya har kika zauna a ƙasa, da kika koma gida ciwon ya tashi. Wai sai da aka... aka ɗaure ki. Ta ce 'yan'uwanki ne suka roƙa a raba ki da taron, amma kar a nuna miki."

Sai yanzu abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya. Yadda Mai Gilashi ta koma yi mata magana sannu-sannu kamar mai lallashin jariri. Yadda aka bar kiranta karatun haɗin gwiwa. Yadda yaron da ke zama bayanta a aji ya canza wuri.

Ashe duk makarantar nan kallon mahaukaciya ake mata.

"Kuka yarda," ta ce.

"Tana faɗa tana kuka, Mama. Kuka na gaske."

"Ya take?"

"Na'am?"

"Maƙwabciyar tawa. Kwatanta min ita."

"'Yar aji uku ce. Doguwa, tana da ɗan tabo a haɓa. Tana cikin 'yan matan nan masu shiga mota. Gimbiya suke ce mata."

Jakar littattafan Mama ta zame daga kafaɗarta ta faɗi. Ba ta ko kalle ta ba.

Ta san tabon. Ita ta danne shi da bakin zaninta ranar da mai shi ta faɗo daga keke, babanta na biye da ita a guje yana salati.

Autarta ce. 'Yar cikinta. Wadda ranar da Mama ta samu gurbin karatu a makarantar nan ta durƙusa ta roƙe ta alfarma ɗaya: a cikin makaranta, kar su nuna sun san juna. Mama ta yi dariya a lokacin ta ce ta ji, ƙuruciya ce.

"Mama?" Dogo ya matso. "Kin san ta? Ƙarya ta yi mana?"

Idanu suka yo kanta gaba ɗaya.

Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Ta buɗe baki. Sai ta hango gobe, labari ya zagaye makaranta, ana nuna yarinyar da yatsa: ga wadda ta haukata uwarta.

Ta rufe bakin.

"Na san ta," ta ce. "Ta fi ku sanina."

"To gaskiya ne kenan?"

Ta sunkuya ta ɗauki jakarta.

"Ku ci gaba da wasanku. Shimfiɗar nan in za ku wanke kar ku sa mata ruwan zafi, tana zuba."

"Mama, don Allah ki zauna," Mai Gilashi ta ce da kuka. Amma ba ta taso ba. Ba wanda ya taso.

Mama ta juya. Ba tashar bas ta nufa ba.

*

Ba ta taɓa taka masaukin ɗalibai mata ba. Lambar ɗakin kawai ta sani, don ita take rubutawa a jikin ƙunshin kayan da take aikowa.

Ta hau bene tana dafa bango. Igiyoyin shanya sun cika baranda, bokitai jere a bakin ƙofofi, wani ɗaki ana kiɗa a waya. 'Yan mata biyu suka matsa mata, ɗaya ta raɗa wa ɗaya wani abu.

Ta ƙwanƙwasa.

"Na ce muku ba inda za ni!" aka ce daga ciki.

Ta tura ƙofar.

Labule a sake, ɗakin duhu-duhu tun rana ba ta faɗi ba. Auta na kwance a gadon ƙasa ita kaɗai, fuska a bango. Da ta juyo ta ga mai shigowa, sai ta zabura har kanta ya bugi ƙarfen gadon sama.

"Umma! Me kike yi a nan?"

Ta ruga ta rufe ƙofar, ta jingina da ita.

"Wa ya gan ki? Umma, mun fa yi alkawari!"

"Mun yi."

"To me ya kawo ki?"

Mama ta ɗaga kai. Idonta na kan wata doguwar riga da ke rataye a jikin ƙusa. Ita ta ɗinka ta da hannunta, sai da bayanta ya ƙage kafin ta gama aikin wuyan. Yanzu an liƙa mata tambarin wani kanti a ƙeya, da ɗinkin hannu karkatacce.

"Ko zaren ma ba ki dace da kalar ba," ta ce.

Auta ta fizge rigar ta cusa ƙarƙashin filo.

"Daga bayan laburare nake," in ji Mama.

Auta ta saki filon.

"Na ga Dogo."

Auta ta zauna a bakin gado a hankali.

"Wane asibiti aka kwantar da ni, Auta? Tuna min, kin san mai taɓin hankali da mantuwa."

"Umma..."

"Da wace igiya aka ɗaure ni? Ke kika riƙe ƙafafun ko hannuwan?"

"Don Allah ki rage murya."

"Ban ɗaga ba."

Gaskiya ne, ba ta ɗaga ba. Da ma ihu ta yi da ya fi wa Auta sauƙi.

"Ban yi zaton zai yaɗa ba. Shi kaɗai na gaya wa."

"Abin da ya dame ki kenan? Ya yaɗa?"

"Ba ki san abin da na gani ba, Umma!"

"Sanar da ni."

Auta ta share hanci da bayan hannu.

"Wani ya ɗauke ki a waya ranar ludon nan. Kina zaune dirshan a ƙasa, ɗankwali ya zame, kina dariya har ana hango dasashinki. Ya zagaye ko'ina. Muna zaune da ƙawayena a wurin shan shayin bakin ƙofa aka kunna. Ɗaya ta tashi tana kwaikwayon ki. Wata ta ce, 'Wannan tsohuwar ba ta da 'ya'yan da za su killace ta ne?'"

"Me kika ce?"

Auta ta kau da kai.

"Me kika ce musu?"

"Dariya na yi." Ta rufe fuska. "Tare da su na yi, Umma. Har na fi su."

Mama ta nemi wuri ta zauna a kan wata akwati.

Can ta ce, "Kin san tun yaushe rabon da in yi irin dariyar nan?"

Auta ta ɗago ta dube ta.

"Tun babanki na da rai. Yayyenki kowa ya kama gabansa. Ke kina nan. Gidan nan in na koma, daga ni sai ƙarar keken ɗinki. Wani lokaci sai in wuni ban ji muryata ba, sai in yi gyaran murya don in tabbatar tana nan. Na shigo makarantar nan, a aji ba mai zama kusa da ni, gani suke uwar wani ce ta zo kawo ƙara. Lokacin hutu kowa ya fita sayen abu, ni in buɗe littafi in yi kamar ina karatu. Sai yaran nan suka ce, Mama zo ki cike mana hannu a ludo."

Ta numfasa.

"Rana ɗaya a mako, Auta. Ban tambayi kowa komai ba, ban rage miki komai ba. Ita ma ta yi miki yawa?"

"Eh, ta yi min yawa!"

Mama ta ɗago.

Auta ta miƙe, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ni shekarata uku a nan! Uku! Kin san yadda nake yi? In bi su wurin cin abinci in ce na ƙoshi, in yi ta juya kofin ruwa cikina na kuka. In ari takalmi a wannan ɗaki, in ari jaka a wancan. Su yi zancen wuraren da suka je hutu, in gyaɗa kai kamar na san su. Kullum gabana faɗuwa yake, yau ne za a gane ni, gobe ne za a gane ni. Ban taɓa yin dariya a cikinsu ba tare da na fara duba fuskokinsu ba."

"Wa ya aike ki?"

"Ba wanda ya aike ni! Tsoro nake kar in zama ba ni da kowa!" Ta buga ƙirji. "Sai ga ki, daga zuwa, da tsohuwar jakarki da takalmin roba, kowa Mama, Mama. An yi miki suna. Ana ajiye miki wuri. Na taɓa wucewa ta nesa na ga yarinyar nan mai gilashi ta kwantar da kai a kafaɗarki. A kafaɗarki, Umma! Ni ko gaishe ki ba na iya yi."

"Ke kika hana kanki."

"Na sani!"

Ta zube a ƙasa ta haɗa kai da gwiwa.

Mama ta dube ta. Zuciyarta ta rabu biyu, rabi na son ta jawo ta jikinta, rabi ko ganinta ba ya son yi. Hannunta ya ɗaga ya koma kan cinyarta.

"Shimfiɗar nan da faɗi na yi ta," ta ce. "Da kin zo da an matsa miki."

"In zo a matsayin wa?"

"A matsayin 'yata."

Auta ta girgiza kai da ƙarfi.

"Ya wuce nan, Umma. Ba ki gane ba. Ya riga ya wuce nan."

"Ba abin da ya wuce. Dogo ya tambaye ni ko ƙarya kika yi. A gaban kowa."

Auta ta ɗago a firgice.

"Me kika ce?"

"Na bar su da abin da kika gaya musu."

"Kika... kika yarda ke mahaukaciya ce?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gara a nuna ni da a nuna ki. Ni na kusa gama nawa zaman duniyar, ke ko farawa ba ki yi ba."

Ta jira. Ta zaci yarinyar za ta rarrafo ta kama ƙafarta. Abin da ya kawo ta kenan, in za ta faɗi gaskiya. Kalma ɗaya ta ban haƙuri, ta ɗauka ta tafi gida da ita.

Auta ta share fuska.

"Umma... akwai fa wasu makarantun."

"Me kika ce?"

"Masu karatun ƙarshen mako. Duk manya ne irinki. Za ki fi sakewa a can. Shekara ɗaya kawai ta rage min, in na gama sai ki..."

"In bar karatuna."

"Ba bari ba. Canzawa."

Mama ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Kin raba ni da majalisa. Kin raba ni da hankalina a idon mutane. Yanzu ajin ma kina so."

"Don mu duka ne..."

"Kar ki sa ni a ciki."

Ta dafa gado ta miƙe. Gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta gyara mayafi, ta saɓa jaka.

"Ban taɓa yi miki baki ba, ba kuma zan fara yau ba. Allah Ya shirye ki. Allah Ya ba ki ƙawayen da za ki yi dariya a cikinsu ba tare da kin duba fuskarsu ba."

"Umma, tsaya. Bari in fara leƙawa ko akwai mutane a baranda."

Mama ta rufe ido. Wannan ta fi duk sauran zafi.

Kafin Auta ta kai ga ƙofar, aka buga ta da ƙarfi.

"Gimbiya! Buɗe, mu ne!"

Auta ta ja da baya. Ta dubi Mama, ta dubi taga, ta dubi bayan ƙofa, kamar mai neman inda za ta tura ta.

Ƙofar ta buɗe.

'Yan mata uku suka shigo, ƙamshin turarensu ya riga su. Ta gaban, mai makullin mota a yatsa, tana rungume da ledoji. Ta zube su a kan gado ta rungume Auta.

"Mun fasa fitar gaba ɗaya. Wallahi mun kai rabin hanya na ce a juya. Ina amfanin mu je muna shaƙatawa ke kina nan kina kuka ke kaɗai? Dubi idonki yadda ya kumbura."

Auta ta sandare. Ko numfashi ba ta yi.

Sai a lokacin Mai Mota ta lura da mutum a tsaye a gefen akwati. Ta ƙura ido.

"Lah! Ba Mamar ludon nan ba ce?" Ta ɗan ja baya, ta rage murya yadda ake yi wa mara lafiya. "Sannu, Mama. Ya jiki?"

"Da sauƙi," in ji Mama.

"Ashe gaskiya ne unguwarku ɗaya. Kin kyauta da kika zo, wallahi. Tun jiya take cewa ba za ta iya bin mu ba, sai da muka matsa ta faɗi dalili."

"Don Allah ki bari," Auta ta ce. "Ki bari..."

"Haba, ai ba abin ɓoyewa ba ne, kowa da ranarsa." Mai Mota ta juyo ga Mama, idonta cike da tausayi. "Yau ne mahaifiyarta ta cika shekara uku da rasuwa."



Mama ta dubi 'yarta. Auta ta dubi ƙasa.

Mai Mota ta matso, ta ɗan rusuna da ladabi.

"Tunda maƙwabta ne ku, Mama, kin san marigayiyar ko? Ba ta taɓa nuna mana ko hotonta ba. Don Allah faɗa mana, wace irin mata ce?"